Hoton mai mulki a bango: daga fadar Ingila zuwa Talata Mafara

Zanen sarakuna da fentin mai tsohuwar al'ada ce ta fadar Ingila, kuma tun farko aikinta shi ne nuna sarki yadda yake so a gan shi. A 1537 Hans Holbein ya zana Sarki Henry na Takwas a bangon fadar Whitehall, tsaye ƙyam, faffaɗan ƙirji, alhali shekara ɗaya kafin nan ya faɗo daga doki ya ji mummunan rauni. Gobara ta cinye zanen a 1698, amma kwafinsa na fentin mai sun riga sun bazu, su ne fuskar da duniya ta san shi da ita. 'Yarsa Elizabeth ta Ɗaya ta fi shi tsanani: a 1596 majalisarta ta ba da umarnin a lalata duk zanenta da bai yi wa fada daɗi ba.

Ƙasar Hausa ba ta gaji wannan ba. Babu sahihin zanen fuskar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, domin malamai sun ƙyamaci surar mai rai. Martabar Sarkin Mafara, Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun a kirari take, da tambari da rawani. Mulkin mallaka ne ya yaɗa ɗabi'ar rataye hoton mai mulki a ofis, kuma da Turawa suka tafi a 1960 ƙusar ta zauna a bango, fuskokin ne kawai suka riƙa sauyawa.

Waɗannan garuruwa uku sun san haka fiye da kowa, domin daga kowannensu an samu gwamnan Zamfara: Ahmad Sani Yarima na Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawalle na Maradun har 2023. Kowanne an ɗaga hotonsa, kowanne an sauke, yawanci kafin tawadar takardar rantsuwar magajinsa ta bushe.

A Ingila kuwa fadar ba ta da ikon da take da shi a da. 'Yar Najeriya, Chinwe Chukwuogo-Roy, ita ta zana Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 2002. Jan zanen Sarki Charles da Jonathan Yeo ya yi, wanda aka buɗe a Mayun 2024, bai yi wata guda ba masu fafutikar kare dabbobi suka liƙa masa fuskar ɗan katun.