Tarihin Mallakar Talabijin a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Kudancin Jihar Katsina, wato ƙasar Sarkin Maska da ta Galadiman Katsina, yanki ne na manoma. Daga Funtuwa zuwa Malumfashi, a haɗa da Bakori da Danja da Kafur da Faskari da Ƙanƙara da Ɗandume da Sabuwa, arzikin mutane yana gona ne: auduga a da, yanzu kuma masara da dawa da waken suya da shinkafa da tumatir. Shigar talabijin gidajen wannan yanki ta bi sawun abubuwa uku: inda wayar lantarki ta kai, wanda yake da albashin wata, da yadda kaka ta yi kyau. Amma ƙidayar akwatuna kaɗai ba ta ba da labarin duka, domin a nan mai akwatin daban, masu kallo daban, kuma masu kallon sun ninka masu shi nesa ba kusa ba.

Kafin talabijin, majigi aka sani. Motar gwamnati takan zo gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi ko dagaci, a nuna wa jama'a yadda ake tsabta da yadda ake noman zamani. Yankin yana da hannu a wannan tarihi, domin a Daudawa ta ƙasar Faskari, inda Turawa suka kafa gonar irin auduga, aka ɗauki Baban Larai a shekarun 1950, fim ɗin da aka shirya don jan hankalin manoma. Ke nan mutanen wannan ƙasa sun fara sanin hoto mai motsi ne a fili, cikin taro, kuma kyauta. Wannan sabo bai bar su ba ko da akwatin ya shiga ɗaki.

Zamanin ma'aikata

Gidan talabijin na farko a Najeriya a Ibadan aka buɗe shi, ranar 31 ga Oktoba, 1959. Gwamnatin Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe nata a Kaduna a watan Maris na 1962, ƙarƙashin kamfanin BCNN, daga baya shirye-shiryen suka kai Zariya da Kano. Funtuwa da Malumfashi suna gefen wannan da'ira ne. Wanda yake son hoto sai ya ɗaga eriya a kan dogon ƙarfe ko gora, ya juya ta wajen Kaduna, na Malumfashi kuma yakan gwada wajen Kano. A shekarun 1960 akwatin bai wuce gidajen Turawan kamfani da manyan ma'aikata ba. Abin da talaka ya sani shi ne Rediyon Kaduna.

Shekarun 1970 ne suka canja lissafi, kuma Funtuwa ta ci moriyarsu fiye da garuruwa da yawa masu girmanta. Garin dama yana kan layin dogon Zariya zuwa Ƙauran Namoda, yana da injin gurzar auduga na BCGA kamar yadda Malumfashi take da shi. Sai ga aikin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga 1975 zuwa 1980, ya kawo injiniyoyi da malaman gona da direbobi da akawuna. A 1977 aka sa hedikwatar Hukumar Auduga ta Ƙasa a Funtuwa, masaƙar garin kuma ta biyo baya. Duk waɗannan masu albashi ne, kuma na farkonsu sun zo daidai lokacin da ƙarin albashin Udoji ya zuba wa ma'aikata kuɗin ariyas a hannu a 1975. Da wannan kuɗi mutane da yawa suka sayi babur da rediyo mai kaset da talabijin baƙi-da-fari.

Saboda haka masu akwati na farko-farko ba manoma ba ne. Ma'aikatan gwamnati ne da na kamfani da na reluwe, malaman makarantun kwana, 'yan kasuwar da suka zo daga kudu, sai manyan dillalan auduga da masu motocin sufuri. Akwatin kansa kayan ado ne: na katako mai ƙafafu, wani har da ƙofa da makulli, a lulluɓe shi da ƙyalle da rana tunda sai yamma ake buɗe tasha. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar ƙarƙashin NTA, a shekarar ne kuma aka yi hawan dabar bikin FESTAC a Kaduna. Hoto mai launi, wanda tashar Jos ta fara watsawa a tsakiyar shekarun 1970, ya daɗe kafin ya zama ruwan dare a gidaje.

A unguwa, gida ɗaya mai talabijin yakan wadatar da layi guda. Yara su cika tsakar gida ko su yi cincirindo a taga, su kalli Samanja na Usman Baba Pategi ko Karambana na Ƙasimu Yero, daga baya kuma Magana Jari Ce. Ranar 22 ga Maris, 1980, da Najeriya ta ci Aljeriya uku da nema a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Legas, irin waɗannan gidaje ne suka ɗauki jama'a. Ya kamata a yaba wa masu gidajen nan: sun ɗauki akwatin a matsayin abin da maƙwabci yake da haƙƙi a kai, kamar rijiyar gida da ba a hana kowa ɗiban ruwanta. Sai dai matan aure da ke cikin kulle, in ba a gidansu akwatin yake ba, labari kawai suke ji daga bakin yara. Wasu malamai da dattawa kuwa sun ƙi shigar da shi gidajensu gaba ɗaya, ko da suna da halin saye, don gudun abin da zai koya wa iyali.

Matsin tattalin arziki na 1986 ya taka wa wannan zamani birki. Naira ta faɗi, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona har da ta auduga, sabon akwati ya fi ƙarfin albashi. Kasuwar 'yan kwatano da shagon mai gyara suka maye gurbin kantin sababbin kaya. Da aka ƙirƙiri Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, babban birnin ya koma can arewa mai nisa, kuma ko bayan da jihar ta sami tashoshinta, eriyar mutanen kudu ta fi saurin kamo Kaduna da Kano.

Kaset ya kai shi ɗakin mata

Babban sauyi a tarihin nan ba daga gidan talabijin ya zo ba, daga bidiyo ya zo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset, kafin ƙarshen shekarun kuma finafinai irin su Sangaya na 1999 sun cika kasuwa. Mai bidiyo ba ya buƙatar eriya, ba ya jiran tasha ta buɗe, ba ruwansa da nisan Kaduna. Akwati mai inci 14 da na'urar kaset da wuta kawai yake nema. Inda babu NEPA, batirin mota ya yi aiki da ƙananan akwatuna baƙi-da-fari, daga baya ɗan ƙaramin janareto ya shigo ya rage wahalar.

Nan ne akwatin ya tashi daga falon maigida ya koma ɗakin mace. Kayan kallo suka shiga jerin abin da ake sa ran gani a ɗakin amarya, kuma a al'adar da ta fi yawa iyayenta su yi gado da kujeru da jere, ango ya kawo kayan kallo. A gidan da ke da mata biyu ko uku, adalci ya sa maigida ko dai ya saya wa kowace, ko ya ajiye ɗaya a inda kowa zai gani. Yara su ne 'yan aike: su je shagon haya su karɓo kaset, su kai wa maƙwabciya in an gama. Matan da a zamanin eriya aka bari a baya su suka zama manyan masu kallo, kuma abin da suke so ya yi tasiri a kan irin labaran da masu shirya fim a Kano suke zaɓa, na soyayya da kishi da zaman gidan miji. A ganina wannan ne lokacin da talabijin ya zama na mutanen yankin da gaske, ya daina zama alamar aikin gwamnati.

A lokacin ne kuma manomi ya shiga sahu, amma bisa kalandarsa. Da kaka, in an kai masara da waken suya kasuwar Ɗandume ko Funtuwa, ko an sayar da tumatirin rani a Danja, sai a yi aure, a sayi babur, a sayi kayan kallo. In damina ta kama ana neman kuɗin taki, ko abinci ya ƙare kafin sabon amfani, akwatin yana cikin abubuwan da ake fara fitarwa. Gida ɗaya zai iya kasancewa mai talabijin a watan Janairu, marar shi a watan Yuli. Mai ƙidaya da ya zo sau ɗaya ba zai ga wannan ba. Farkon shekarun 2000 faifan CD ya kori kaset, na'urorin ƙasar Sin masu araha suka sa shiga sahun ta ƙara sauƙi.

Samari kuwa hanyarsu daban. Gidan kallo, rumfar kwano da benci da janareto, ya fara da finafinan Indiya da na faɗa, sannan ƙwallon Turai ya mamaye shi, musamman bayan da Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999. Kuɗin DStv na wata ya fi ƙarfin yawancin gidaje, amma in aka raba shi a kan mutum hamsin ko ɗari, kowa ya biya kuɗin shiga, sai ya zama sana'a. Saurayin da ko rediyo bai mallaka ba yana iya kallon kowane wasa na mako. Mata ba sa shiga, dattawa kuma sun daɗe suna ƙorafi a kan yaran da ke kai wa dare a can.

Dish da waya

Kwandon tauraron ɗan'adam ya fara ne a gidajen attajirai, babba kamar rumfa. Da ƙanana suka fito tare da risiba mai araha, sai ga tashoshin kyauta sun samu ba tare da biyan wata ba. StarTimes ta shigo Najeriya a 2010, GOtv a 2011, amma a ƙauye dish na kyauta ya fi karɓuwa, saboda sau ɗaya ake biya, kuma manomi ya fi son abin da zai saya da kaka ya huta. Tashoshin wa'azi irin su Sunnah TV da Manara, da hoton Ka'aba kai tsaye daga Makka, sun sa gidajen malamai da dattawan da suka ƙi akwatin a da suka buɗe masa ƙofa. Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in da Labarina, ta dawo da al'adar iyali su zauna jiran shiri a lokacinsa.

Duk da haka tazarar birni da ƙauye ba ta rufe ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kusan rabin gidajen Najeriya ne ke da talabijin, kuma rabon birni ya ninka na ƙauye fiye da sau biyu. Wutar lantarki kuwa kashi 83 cikin ɗari na gidajen birni ke da ita a lokacin, na ƙauye kashi 39. Wannan hoto ya yi daidai da abin da ido ke gani a nan: cikin garin Funtuwa da Malumfashi kwanduna a kan rufi ko'ina, amma da an sauka daga kwalta sai su yi ta raguwa. Rugagen Fulani da ƙananan ƙauyuka rediyo suka riƙe. Ko a gari, tun daga NEPA zuwa KEDCO da ta karɓi rarraba wuta a 2013, mallakar akwati ba ta nufin kunna shi.

Wayar hannu ce ta cike wannan giɓi. Masu tura finafinai a bakin kasuwa suna zuba wa mutum fim ɗin Hausa da Indiya-Hausa da wa'azi a memori da kuɗi kaɗan, ya kalla a gona ko a ɗaki ba tare da intanet ba. Matar da ba ta da kayan kallo, da ɗan ƙauyen da wayar lantarki ba ta taɓa zuwa garinsu ba, duk sun sami abin kallo na kansu. Wannan ya rage taron tsakar gida, kuma asara ce ta gaske, domin a wancan taro babba yana ganin abin da yaro ke kallo.

Rashin tsaro ya shiga cikin labarin. Iyalan da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara sun baro kayan ɗakinsu a baya, waya da rediyo kawai suka iya ɗauka. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori, gwamnatin jiha kuma ta hana sana'ar cajin waya a yankunan da abin ya shafa. A watannin nan, masu dish da masu rediyo ne suke jin abin da duniya ke ciki, saboda su ba su dogara da turken kamfanin waya ba.

Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar naira da ta biyo baya sun sa kunna janareto don kallo kawai ya zama sai mai hali, gidajen ƙwallo kuma suka ƙara kuɗin shiga. Masu iko sun koma sola da talabijin na bango marar cin wuta, wanda faranti ɗaya da batir ɗaya kan iya riƙewa har dare. Tsofaffin akwatuna masu doro sun gangara zuwa ƙauye da hannun masu ƙaramin ƙarfi. Ango a Kafur ko Bakori har yanzu ana sa ran ya kawo kayan kallo, sai dai yanzu lissafinsa ya haɗa da farantin sola, kuma yakan jira ya ga farashin buhun masara kafin ya sa ranar biki.