Gishiri da hawan jini: abin da ya kamata a sani

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ba da shawarar kada gishirin da babban mutum ke ci ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. Lissafin ya haɗa da duk abin da aka ci daga safe zuwa dare.

Gishiri na ɗauke da sinadarin sodiyom. In ya yi yawa, jiki sai ya riƙe ruwa, tansiyon ta hau. Likitoci na cewa akwai hawan jini in awo ya kai 14/9 ko ya zarce, a ranaku biyu dabam-dabam. Galibi cutar ba ta nuna alama sai ta kai ga shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya ko na ƙoda.

Ba gishirin miya kaɗai ne abin lura ba. Akwai sodiyom cikin dunƙulen magi, burodi, kilishi da kifin gwangwani, har da kanwar da ake jefawa cikin wake ko miyar kuka.

Uwargida na iya rage shi sannu-sannu, harshe zai saba cikin 'yan makonni. In an sa magi, a rage gishiri. A ƙara daddawa, albasa, tafarnuwa da citta. A yawaita zogale, yakuwa da tumatir. OMS na kuma ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, ko da tafiyar ƙafa ce.

Awon tansiyon a asibiti ko farmasi 'yan mintoci yake ɗauka. Mai shan magani kuwa kada ya daina sai da izinin likita.