Muƙaddas Moray na Sukotlan (1567-1570) da Harshen da Aka Hau Mumbari da Shi

1. Gabatarwa

Ran 23 ga watan Janairu na shekarar 1570, wani mutum mai suna James Hamilton ya laɓe cikin wani gida a garin Linlithgow na ƙasar Sukotlan, wadda littattafan Faransanci ke kira Ekos. Sa'ad da ayarin mai riƙon ƙasa ya iso ƙarƙashin taga, sai ya saki harsashi. Wanda aka harba, James Stewart mai sarautar Moray, bai kai wayewar gari ba. Masana tarihi sukan ce shi ne shugaban gwamnati na farko da aka kashe da bindiga.

Abin da ya sa muka kawo labarinsa cikin wannan mujalla ta nazarin harshe shi ne, a zamaninsa ne mutanen ƙasar suka yi niyyar koya wa kowane yaro karatu, suka kuma fitar da Latin daga majami'u domin talaka ya ji abin da ake faɗi. Amma littafin da suka ɗora bisa mumbari a madadin Latin ɗin, da harshen maƙwabtansu na Ingila aka rubuta shi. Muna so mu nuna yadda haka ta faru, da abin da ta haifar.

2. Harsunan ƙasar

A ƙarni na 16 Sukotlan ƙasa ce mai sarkinta da majalisarta, ba ta ƙarƙashin Ingila. A duwatsun arewa da tsibiran yamma ana jin harshen Gelik, ɗan'uwan harshen Ayalan. A kudu da gabas, inda manyan garuruwa suke, ana jin harshen Sukots, wanda asalinsu ɗaya da Ingilishi amma ya bambanta da shi wajen furuci da kalmomi da ƙa'idojin rubutu. Latin kuwa shi ne harshen ibada da na jami'o'i.

Kada mai karatu ya zaci Sukots harshen kasuwa ne kawai. Da shi ake rubuta dokokin majalisa tun ƙarni na 15, da shi ake shari'a, da shi ake magana a fada. A 1513 Gavin Douglas ya gama fassara babbar waƙar Virgil daga Latin zuwa Sukots. Maɗaba'a kuma ta soma aiki a Edimbara, babban birnin ƙasar, tun 1508. Wato harshe ne mai rubutu da adabi da hukuma a bayansa.

3. Ɗan sarki wanda ba ya gado

An haifi James Stewart wajen 1531. Ubansa shi ne Sarki James na Biyar, uwarsa Margaret Erskine, amma ba a ɗaura musu aure ba, saboda haka ba shi da rabo a gadon sarauta. Da sarki ya rasu a 1542, sai gado ya faɗa kan ƙanwarsa Mary, jaririya mai kwana shida. Shi kuwa tun yana yaro ubansa ya ba shi kuɗin shiga na gidan rahibai na St Andrews, ɗaya daga cikin mafi wadata a ƙasar. Za mu komo kan wannan dukiya nan gaba.

An kai Mary Faransa tana ƴar shekara biyar, ta girma can, ta auri magajin sarkin Faransa a 1558. Uwarta Marie de Guise ce ke riƙon ƙasa da taimakon sojojin Faransa. A 1559 wasu manyan hakimai masu bin sabon tafarkin Furotesta suka tayar mata, James Stewart ya shiga cikinsu ya zama ɗaya daga jagororinsu, malami John Knox kuma yana zuga jama'a da wa'azi. Da suka ga ƙarfinsu bai isa ba, sai suka nemi gudummawar Sarauniya Elizabeth ta Ingila. Marie de Guise ta rasu a Yuni 1560, sojojin Faransa suka fita a Yuli, sa'an nan a Agusta majalisa ta soke ikon Paparoma a ƙasar, ta hana ibadar Katolika. Cikin shekara ɗaya ƙasar ta juya wa Faransa baya ta fuskanci Ingila.

Mijin Mary ya rasu, ta komo gida a Agusta 1561 tana nan kan addininta na Katolika, ba ta kuwa taɓa sa hannu ga dokokin 1560 ba. Wanta ya zama babban mashawarcinta, ta naɗa shi sarautar Moray a 1562. Suka ɓata a 1565 saboda aurenta da Darnley, ya yi tawaye bai ci nasara ba, ya gudu Ingila, ya komo a 1566. A Fabrairu 1567 aka kashe Darnley. Bayan wata uku Mary ta auri Bothwell, mutumin da ake zargi da kisan. Hakimai suka kama ta, suka tsare ta a wani tsibiri, suka tilasta mata yin murabus ran 24 ga Yuli. Aka naɗa ɗanta James na Shida yana da wata 13, aka ba Moray riƙon ƙasa ran 22 ga Agusta.

4. Wata 29 na riƙo

Aikinsa na farko mai nauyi shi ne kiran majalisa a Disamba 1567, inda aka sake tabbatar da dokokin 1560 da sunan sarki. Daga ranar ne sabuwar majami'a ta tsaya bisa doka. A Mayu 1568 Mary ta tsere, ta tara mayaƙa wajen 6,000. Moray ya tare ta da wajen 4,000 a Langside ran 13 ga watan, ya fatattaka su cikin ƙasa da awa ɗaya, ita kuma ta tsallaka Ingila inda aka tsare ta har aka kashe ta a 1587. Hamilton da ya harbi Moray yana cikin waɗanda suka yi wa Mary yaƙi a Langside.

Knox ne ya yi wa'azin jana'izarsa. Masoyansa suka riƙa kiransa muƙaddas nagari, magoya bayan Mary kuwa suna ganinsa maci amanar ƙanwa. Muƙaddasai uku suka biyo bayansa: Lennox, wanda shi ma aka harbe a 1571, da Mar da ya rasu a 1572, da Morton da aka sare wa kai a 1581.

5. Shirin makaranta wanda ba a ware masa kuɗi ba

A 1560 malamai shida, cikinsu har da Knox, suka rubuta kundin tsarin sabuwar majami'a. Sun nemi a sa malamin makaranta a kowace majami'a, a buɗe kwaleji a kowane babban gari, a kuma ɗauki nauyin ƴaƴan talakawa masu basira. Kuɗin zai fito ne daga dukiyar tsohuwar majami'a. To, dukiyar nan tana hannun hakimai da ƴaƴansu, Moray kansa yana cikin manyan masu cinta. Sun yaba da kundin, amma ba a mai da shi doka ba. Abin da aka daidaita a kai a 1562 shi ne masu riƙe da dukiyar su ci gaba da cin kashi biyu cikin uku, ragowar kashin a raba tsakanin fada da malaman majami'a.

Majalisar 1567 ta ce a fara biyan malaman majami'a daga kashin nan kafin fada ta ɗiba, ta kuma ce a riƙa jarraba aƙidar masu koyarwa. A 1569 Moray ya sallami malaman jami'ar Aberdeen da suka ƙi barin Katolika. An kula da wanda zai koyar da abin da ya gaskata, ba a kula da albashinsa da ɗakin karatunsa ba. Dokar da ta ɗora wa masu filaye gina makaranta da biyan malami a kowane yanki, wadda ta ɗore, sai a 1696 aka same ta, shekara 136 bayan kundin.

6. Littafin da ke hannu

Tun 1543 doka ta yarda a karanta Littafi Mai Tsarki da Ingilishi ko da Sukots. Amma da Sukots babu bugagge. Wani Murdoch Nisbet ya mai da Sabon Alkawari cikin Sukots wajen 1520, sai dai aikin ya zauna a rubutun hannu wurin zuriyarsa, ba a buga shi ba sai farkon ƙarni na 20. Da Ingilishi kuwa ga littafi a shirye: ƴan gudun hijira na Ingila sun buga cikakkiyar fassara a Janeba a 1560, mai lambobin ayoyi da sharhi a gefe. Knox ya zauna tare da su, ya kuma yi shekaru yana wa'azi a Ingila, matarsa ta fari ma mutuniyar can ce. Wani malamin Katolika, Ninian Winzet, ya goranta masa cewa ya manta harshen da uwarsa ta koya masa. Abin mamaki, littafin koyar da addini da Katolika suka buga a 1552, da Sukots aka rubuta shi.

A 1568, ƙarƙashin riƙon Moray, gwamnati ta ba maɗaba'in sarki Robert Lekprevik izinin buga Littafi Mai Tsarki, izinin kuma na fassarar Janeba ne. Lekprevik bai buga ba. Wasu biyu, Bassandyne da Arbuthnot, su suka fitar da shi a 1579, bayan an sa kowane yankin majami'a ya biya kuɗin kofinsa tun kafin a buga. Ba su taɓa harshen ba. A shekarar kuma majalisa ta wajabta wa kowane magidanci mai hali ya ajiye littafin a gidansa, in ba haka ba ya biya tarar fam 10.

Babu dokar da ta hana rubutu da Sukots. Akwai yaƙi, babu kuɗi, ga kuma littafin da mutane ke fahimta ko da ba harshensu ba ne, saboda haka ba wanda ya ga larurar fassara. Amma kama da wane ba ta wane. Kowace Lahadi jama'a suna jin mafi girman magana da Ingilishi, yaro kuma a cikin littafin nan yake koyon haɗa baƙi. A hankali ya zauna a zukata cewa Ingilishi ne harshen abu mai daraja, Sukots na gida ne da barkwanci. Da James na Shida ya gaji sarautar Ingila a 1603 ya ƙaura Landan, sai harshen ya rasa fada, a 1707 kuma ya rasa majalisa. Maɗaba'u sun riga sun saba gyara rubutun marubuta zuwa na Ingila. Sabon Alkawari da aka fassara daga Girkanci zuwa Sukots, aikin William Lorimer, sai a 1983 ya fito.

7. Gelik da Wels

A Afrilu 1567, wata huɗu kafin Moray ya karɓi riƙo, Lekprevik ya buga littafin addu'o'i da tsarin ibada wanda John Carswell ya fassara zuwa Gelik, da goyon bayan hakimin Argyll. Shi ne littafi na farko da aka buga da Gelik, a Sukotlan ko a Ayalan. Carswell ya bi harshen adabi da ƙa'idojin rubutu na mawaƙan gargajiya, alhali kafinsa wasu sun rubuta Gelik bisa ƙa'idojin Sukots. Zaɓinsa ne ya zama tushen rubutun Gelik na yau. Amma littafi ɗaya ne, an yi shekara fiye da 60 ba a buga na biyu a Sukotlan ba. A 1609 aka tilasta wa shugabannin tsibirai aika magadansu makarantun kudu su koyi Ingilishi, a 1616 kuma hukuma ta faɗa a fili tana so a kawar da Gelik. Sabon Alkawari ya fito a 1767, cikakken littafin a 1801.

A ƙasar Wels, wadda ke ƙarƙashin sarautar Ingila, an bi wata hanya. Majalisa ta yi doka a 1563 cewa a fassara Littafi Mai Tsarki, ta kuma yanka wa'adi. Sabon Alkawari ya fito a 1567, cikakke a 1588, aka ajiye shi a majami'u. A ƙidayar 2011 mutum wajen 562,000 suka ce suna jin harshen Wels, masu Gelik a Sukotlan kuwa wajen 58,000 ne. Akwai wasu dalilai, kamar korar manoma daga duwatsun arewa a ƙarni na 18 da na 19, amma tazarar shekara 213 tsakanin littattafan biyu tana cikin lissafi.

8. Abin lura ga masu tsara yaƙi da jahilci

Moray ya ci yaƙi, ya kafa doka, amma shi da mutanensa sun bar abu biyu sai an natsu: albashin malami da littafi da harshen gida. Na farko ya jira fiye da ƙarni ɗaya. Na biyu kuwa kafin a waiwaye shi wani harshe ya riga ya zauna a wurin.

A nan Nijar, taron Bamako na 1966 ya ba mu baƙaƙe, an kuma buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram a 1973. Tambayar da labarin Sukotlan ke yi mana ita ce: wanda ya gama aji, me zai karanta gobe, wa kuma ya buga shi? Littattafan Zariya alheri ne gare mu, domin Hausa ɗaya ce, daidaitacciyar Hausa kuma tana haɗa mu da miliyoyin masu karatu. Amma idan ba a buga kome a Maraɗi da Tawa da Yamai ba, kalmomin Adar da na Gobir da na Arewa ba za su shiga takarda ba, yaro kuma zai tashi yana ganin maganar uwarsa ƙauyanci ce. Haka nan sauran harsunan ƙasa, duk inda aka ce a yi haƙuri da littafin maƙwabci tunda ana ji.

Saboda haka muna ba da shawara duk shirin yaƙi da jahilci da za a gabatar wa hukuma ya zo da layi uku cikin kasafinsa: kuɗin malami, da kuɗin marubuci da mai fassara, da kuɗin ɗab'i, kowanne da ranar da za a biya shi.