Hasken Dandalin Florence a Kan Dandamali

Wasan kwaikwayon waƙa mai suna The Light in the Piazza ya samo asali ne daga gajeren littafin da Elizabeth Spencer ta wallafa a 1960. Adam Guettel ya tsara waƙoƙinsa, aka fara nuna shi a Seattle a 2003, ya isa New York a 2005, inda ya lashe kyautar Tony shida, har da ta sutura da ta haske.

Labarin Clara ne, 'yar Amurka da ta je birnin Florence na Italiya da mahaifiyarta a 1953. Iska ta fizge hularta, wani saurayi, Fabrizio, ya cafe, soyayya ta ƙullu. An bar wasu waƙoƙin cikin Italiyanci ba fassara, don 'yan kallo su ma su ɗanɗana baƙunta.