Matsalar Girbi a Noman Gansakukar Chlorella

Tsakure

Maƙalar ta dubi noman Chlorella vulgaris, koriyar gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya da ke rayuwa a ruwa mara gishiri. Ta nuna cewa wahalar raba ta da ruwa ce ta fi komai tsayar da ita a kasuwar kayan ƙarin lafiya masu tsada.

Gabatarwa

Masanin ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, shi ya fara ware Chlorella ya raine ta a 1890. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ɗora mata buri, ganin cewa kusan rabin nauyin busasshiyarta furotin ne. Cibiyar Carnegie ta Amurka ta tattara gwaje-gwajen lokacin a littafin da ta fitar a 1953, amma noman kasuwa sai a farkon shekarun 1960 ya kankama a Japan, daga baya Taiwan ta bi sahu.

Inda gizo ke saƙa

Galibi ana noma ta a buɗaɗɗen tafki mai zurfin kimanin santimita 20 zuwa 30, da farfela tana kaɗa ruwan don kowace ƙwaya ta sami rabonta na rana. Mai kallo zai ga ruwa kore shar, ya ɗauka kauri gare shi. Ido ne ke ruɗinsa. Lita ɗaya ba ta cika ba da abin da ya wuce rabin giram idan an busar, wato sai an tace kusan lita dubu biyu kafin a sami kilo guda. Ƙwayar kuwa faɗinta maikiromita 2 zuwa 10 ne, ba ƙyallen da zai tare ta. Dole a koma ga injin da ke wulwula ruwa da gudu, mai shan lantarki, sannan a busar, a kuma fasa taurin bangon ƙwayar don cikin mutum ya iya narkar da ita.

A Klötze ta Jamus kuwa, a shekarar 2000 aka fara rainonta cikin bututun gilashi mai tsawon kusan kilomita 500. Ruwan ya fi kauri da tsabta, sai dai kuɗin ginin ba na ƙaramin manomi ba ne.

Kwatanci da Tafkin Cadi yana da amfani a nan. Matan Kanembu na ɗibar Spirulina su zuba a ramin yashi, ruwa ya tsiyaye, rana ta busar da curin da suke kira dihé. Spirulina ba 'yar gidan koriyar gansakuka ba ce, siffar zare gare ta, shi ya sa yashi ke riƙe ta.

Hanyar da muke ganin ta cancanci ƙarin gwaji ita ce dunƙule ƙwayoyin Chlorella su kwanta a ƙasa kafin a kai su inji. Alam yana yin aikin, amma yana barin sinadarin alminiyam a abin da za a ci. Garin 'ya'yan zogale, wanda matan karkarar Sudan suka daɗe suna tsarkake ruwan sha da shi, an gwada shi a ɗakunan bincike kuma ya kwantar da Chlorella. Saura a auna yawan garin da tafki mai faɗin hekta guda zai ci a kowane girbi.