Hannun Sarki da Alƙalamin Sarki

Duk wanda ya shiga Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato yana neman hoton wani Sarkin Musulmi na dauri tsaye a kan majinyata, zai fito hannu rabbana. Takardu zai tarar, tawada a kan warƙa. Malaman jihadi ba su yarda da zana mai rai ba, sai gwanintar ta koma ga alƙalami, labarin cuta da magani ma can ya sauka.

A Turai hanya ta bi daban. Tun zamanin tsakiya sarakunan Ingila da Faransa suke da'awar cewa taɓawar hannunsu na warkar da kumburin kaluluwar wuya, wadda a yau muka san tarin fuka ke kawo ta. Biki ne sosai. A zanen da Robert White ya yi a 1684, Sarki Charles na Biyu na Ingila na zaune, limaman coci a gefe, mara lafiya ya durƙusa an ɗora masa hannu, bayan haka a rataya masa tsabar zinariya a wuya. Charles ya taɓa mutum fiye da 90,000 a mulkinsa. Hoton shaida ce cewa sarautar daga sama take.

Napoleon ya gane amfanin abin. A 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu, Antoine-Jean Gros ya zana shi a Jaffa cikin sojojinsa da annoba ta kama a 1799. A hoton, Napoleon ya cire safar hannu yana taɓa hamatar majinyaci, wani hafsa a bayansa ya toshe hanci da ƙyalle. An nuna hoton ne ana saura watanni kaɗan a naɗa shi sarki, lokacin da ake raɗe-raɗin ya sa a shayar da waɗanda ba su iya tafiya guba. Ni a ganina wanke suna aka yi da fenti, majinyatan kuwa ado ne kawai.

Muhammadu Bello, wanda ya gaji Shehu a 1817, bai taɓa cewa hannunsa magani ne ba. Zama ya yi ya rubuta. Yana da littafi kan ciwon ido, yana da wani kan basir, cutar da manya ke jin nauyin ambata, ya kuma tattara abin da ya zo na maganin Annabi. Baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya haɗa lafiyar addini da ta jiki a Masalihul Insan. Wannan ya fi taɓa ni, domin ɗalibi zai kwafi takarda ya kai ta ƙauyen da sarki ba zai taɓa takawa ba.

Da Bature Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abin da Bello ya nema daga Ingila har da likita. A shekarar da ta biyo baya Charles na Goma ya yi bikin taɓa majinyata na ƙarshe a Faransa. Clapperton ya sake tasowa da likitoci, amma ba wanda ya iso cikinsu. Shi kansa atuni ya kwantar da shi, ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu, 1827.