BABI NA UKU: TARIHIN GUDUN NEMAN TAIMAKO DA DANGANTAKARSA DA GUDUMMAWA A ƘASAR YAWURI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ƙasar Yawuri da mutanenta da sana'o'insu. A wannan babi kuwa za a dubi tarihin wata al'ada da ta yi ƙarfi a ƙasashen Turawa tun daga shekarun 1980, wato mutum ya yi gudu mai nisa domin jama'a su ba da kuɗi a taimaki mabukata. Za a fara da matsayin gudu da gudummawa a wurin Bahaushe, sannan a bi asalin gudun fanfalaki da yadda neman taimako ya shiga cikinsa. Za a ɗan daɗe a kan gudun shekarar 1986 saboda ya shafi yunwar da ta taɓa ƙasar Hausa. Daga ƙarshe za a dawo bakin Tafkin Kainji a auna wannan al'ada da abin da mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga suka gada.

3.1 Gudu da Gudummawa a Wurin Bahaushe

Bahaushe bai ɗauki gudu a matsayin abin sha'awa ga babban mutum ba. Yara da samari su ne ke tsere da langa, dattijo kuwa an san shi da natsuwa a tafiyarsa, kuma idan aka gan shi yana gudu, abin da za a fara tambaya shi ne, ko lafiya? Waɗanda gudu ya zama aikinsu a da su ne manzannin sarakuna masu kai saƙo da ƙafa, da zagage masu shiga gaban dokin sarki, da kuma mafarauta.

Duk da haka akwai gudun da ba a jin kunyarsa. Wanda ya dubi kalmar gudummawa zai ga gudu a farkonta. A zamanin yaƙe-yaƙe, idan abokan gaba suka kewaye wani gari, dakarun da aka tura cikin hanzari domin su agaza masa su ne suka kai gudummawa. Haka kuma idan gobara ta tashi, ko aka yi kururuwar ɓarawo, ko jirgi ya kife a kogi, babba da yaro kowa kan sheƙa a guje zuwa wurin. Daga baya ne ma'anar kalmar ta faɗaɗa har ta haɗa da kuɗi ko hatsi ko tufa da ake kai wa mai biki ko wanda masifa ta auka wa.

Bayan wannan akwai wasu hanyoyin taimakon juna guda biyu da suka dace a ambata. Ta farko ita ce gayya, inda samari kan taru su nome gonar mutum ɗaya a yini guda, makaɗa na zuga su, kowa na ƙoƙarin ya riga ɗan'uwansa fitar da kunya. Ta biyu ita ce ajo, wato wasan da makaɗi ko ɗan dambe ko wani mai sana'a kan shirya idan bukata ta same shi, jama'a su zo kallo su yi ta ba da kuɗi. A gayya an haɗa gasa da taimako, a ajo kuma an haɗa kallo da tara kuɗi, kuma waɗannan abubuwa su ne ginshiƙan gudun neman taimako na zamani.

3.2 Asalin Gudun Fanfalaki

Gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun yada ƙanin wani, ya samo sunansa na Turanci daga wani wuri a ƙasar Girka mai suna Maraton, inda Girkawa suka ci sojojin Farisa da yaƙi a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Labarin da aka gada ya nuna wai wani manzo ya taso a guje daga fagen fama zuwa birnin Atina, ya isar da bushara, ya faɗi ya mutu. Masana tarihi ba su tabbatar da labarin ba, amma shi aka dogara da shi aka sa wannan tsere cikin wasannin Olamfik na farko na zamani a Atina a 1896, inda wani Bagirke mai suna Spyridon Louis ya zo na ɗaya. Tsawon kilomita 42 da mita 195 da aka sani yanzu ya faro ne daga wasannin Landan na 1908, aka tabbatar da shi a 1921. Afirka ta shiga wannan tarihi da ƙarfinta a 1960, lokacin da Abebe Bikila na ƙasar Habasha ya ci tseren a birnin Rum ba tare da takalmi ba. A duk wannan lokaci gudun na neman lambar yabo ne kawai.

3.3 Shigar Neman Taimako Cikin Gudu

Mutumin da ya fi fito da gudun neman taimako fili shi ne wani ɗalibi ɗan ƙasar Kanada mai suna Terry Fox. An yanke masa ƙafar dama a 1977 saboda ciwon daji na ƙashi. Ranar 12 ga Afrilu, 1980, ya tashi daga garin St. John's a gabashin ƙasar da ƙafar roba, da niyyar ratsa Kanada a guje, yana roƙon kowane ɗan ƙasa ya ba da dala ɗaya domin binciken maganin wannan ciwo. Ya yi kwana 143 a hanya, ya ci kilomita 5,373, wanda ya kai kimanin tsawon Tafkin Kainji sau arba'in. Ranar 1 ga Satumba ya tsaya kusa da Thunder Bay domin ciwon ya kama huhunsa. Kafin ya rasu ranar 28 ga Yuni, 1981, yana da shekara 22, kuɗin da aka tara sun kai dala miliyan 24, daidai da yawan mutanen ƙasar a lokacin. Tun daga 1981 ake yin gudu da sunansa kowace shekara.

A wannan shekara ta 1981 ne kuma Chris Brasher da John Disley suka fara gudun fanfalaki na Landan, wanda zuwa 2019 kuɗin taimakon da aka tara ta hanyarsa suka haura fam biliyan ɗaya. Yadda ake tara kuɗin ba shi da wuyar fahimta. Mai gudu kan zaga 'yan'uwa da abokai da takarda, kowa ya rubuta abin da zai bayar idan ya kammala, wasu kuma su yi alkawarin wani abu a kan kowace kilomita. Ana kuma samun kuɗi daga rajista da sayar da riguna da kamfanonin da ke son a ga sunansu. Wahalar da mai gudu ya sha ita ce ke sa mai bayarwa ya ji nauyin hanawa.

3.4 Yunwar 1984 da Gudun 1986

Farin da aka yi a 1983 da 1984 ya game ƙasashen da ke bakin hamada tun daga Habasha da Sudan har zuwa Cadi da Nijar da Mali, bai kuma bar arewacin Nijeriya ba. Amfanin gona ya lalace, dabbobi suka mutu, mutane suka bar garuruwansu. A Jamhuriyar Nijar abin ya ƙara tsanani domin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Afrilu na 1984, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 1986. Wannan ne ya sa Hausawan can suka laƙaba wa yunwar sunan El-Buhari, wato sunan shugaban da ya rufe iyakar.

Hotunan yunwar Habasha da gidan talabijin na BBC ya nuna a watan Oktoba na 1984 sun girgiza mutanen Turai. Wani mawaƙi ɗan ƙasar Ayalan, Bob Geldof, ya haɗa mawaƙa suka yi babban wasan Live Aid ranar 13 ga Yuli, 1985. Bayan haka sai shi da Chris Long, tare da asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, suka shirya abin da aka kira Sport Aid. An zaɓi wani ɗan tseren Sudan, Omar Khalifa, ya kunna wuta a wani sansanin waɗanda yunwa ta kora a ƙasarsa, aka zaga da shi manyan biranen Turai goma sha biyu yana gudu da ita a hannu, shugabanni suna tarbarsa, har ya kai ta harabar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York ranar Lahadi, 25 ga Mayu, 1986. An zaɓi wannan lokaci ne domin a makon Majalisar za ta yi zama na musamman a kan tattalin arzikin Afirka. A wannan rana mutane kimanin miliyan 20 a ƙasashe fiye da 70 suka fita a lokaci guda suka yi gudun kilomita goma, aka tara dala miliyan 37.

Za a iya lura da abubuwa biyu a nan. Na farko, Ba'afirke ne ya ɗauki wutar, kuma an yi gudun a biranen Afirka ma, saboda haka ba za a ce Turawa kaɗai suka yi shi ba. Na biyu, mafi yawan waɗanda suka yi gudun ba su taɓa ganin wanda suke yi dominsa ba, kuma manomin da gerensa ya ƙone a Maraɗi ko Damagaram bai san ana yi ba. Tsakaninsu akwai ƙungiyoyi da bankuna da gwamnatoci, kuma isar taimakon ya rataya ne a kan amanar waɗannan.

A Nijeriya, hanyar da ta fi karɓuwa a shekarun 1980 ita ce ƙaddamar da gidauniya, inda ake tara attajirai a fili ana shelar abin da kowa ya bayar, kamar yadda aka yi a Gidauniyar Jihar Kano. Gudun fanfalaki na Legas da aka fara a watan Fabrairu na 2016 gasa ce ta cin kyauta, ɗan ƙasar Kenya ne ma ya ci na farko. Sai dai tattakin da wani matashi ɗan Jihar Katsina ya yi daga Legas zuwa Abuja a 2015 domin cika alkawarin da ya ɗauka kan zaɓe ya nuna cewa tafiya mai nisa da ƙafa tana jan hankalin jama'ar Arewa, domin gari-gari aka riƙa fitowa tarbarsa.

3.5 Bakin Tafkin Kainji

Mutanen ƙasar Yawuri, musamman Gungawa da ke zaune a tsibiran kogin Kwara da Sarkawa masunta, tserensu a kan ruwa yake. Bikin Rigata da ake yi a Yawuri tseren jiragen ruwa ne, kuma ana danganta asalinsa da jaruntar Gungawa wajen farautar dorina da shirin yaƙi a ruwa. Ƙarfin damtsen da ake nunawa a tseren shi ne ake bukata ranar da jirgi ya kife.

Aikin madatsar ruwa ta Kainji, wanda aka yi daga 1964 zuwa 1968, ya canza zaman wannan yanki. Ruwa ya cinye tsibirai da gonakin fadama da tsohon garin Busa, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka mai da su sababbin matsugunai. Kogin da a da ake hango ɗaya gaɓarsa ya zama tafki mai faɗi da igiyar ruwa, ga kututturan itatuwa a ƙarƙashi, amma jirgi bai daina zama hanyar zuwa kasuwa ba. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski, kuma kaɗan ne suka tsira. Hukumomi sun danganta haɗarin da lodin da ya wuce kima. Masunta da gwanayen ninkaya na yankin suna cikin waɗanda suka shiga ruwa neman mutane, wato sun kai gudummawa a ma'anarta ta asali.

Wannan haɗari ya nuna iyakar kowace hanya daga cikin biyun. Gudummawar gargajiya tana da sauri, kuma babu mai shiga tsakani balle a yi zargin cin amana, sai dai ba ta tashi sai bayan masifa ta auku, kuma ƙarfinta bai wuce na mutanen da suka ji kururuwa ba. Rigunan kariya daga nutsewa da jiragen ceto da cire kututture daga hanyar jirgi kuwa abubuwa ne da ke bukatar kuɗi tun kafin ranar haɗari, kuma irin wannan bukata ce gudun neman taimako ya ƙware wajen biya. Amma shi ma yana da sharuɗɗa: sai da jama'a masu ɗan abin hannu, da kafar watsa labarai da za ta kai maganar nesa, da kuma masu riƙon kuɗi da za su fito su yi bayanin kowane kwabo. Akwai kuma batun riya, domin Bahaushe ya fi girmama sadakar da aka yi a ɓoye, ko da yake ajo da gidauniya sun nuna bai ƙi bayarwa a bainar jama'a ba idan bukatar ta kowa ce.

3.6 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa gudun neman taimako, a sigarsa ta yanzu, ya bunƙasa ne a Kanada da Ingila daga 1980, kuma ya taɓa ƙasashen bakin hamada kai tsaye a 1986. Haka kuma an ga cewa tunanin da ke cikinsa ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin gayya da ajo da gudummawa sun riga shi. Bambancin da ke akwai shi ne, mai kai gudummawa yana gudu ne zuwa inda masifa take, mai gudun zamani kuwa yana yi ne a gaban masu kuɗi domin su tuna da wanda ke nesa, shi ya sa na biyun ba ya tsayawa sai da amana. Babi na gaba zai dubi bikin Rigata dalla-dalla, da waƙoƙi da kirarin da ake yi wa matuƙa jirgi a cikinsa.